Kano, Yamai, salula ko murya: ina marubuciyar Tawa za ta kai littafinta na fari?

Ana saura mako biyu bikin 13 ga Mayu, wata tsohuwar ɗalibata ta yi sallama gidana bayan la'asar, riƙe da baƙar leda. Na zaci anko ta kawo mini in gani. Da ta kwance ledar sai ga kaye huɗu, an cike su maƙil da shuɗin bik, har gefen shafi ba ta bari ba. Ta ce, "Malama, na gama. Na kuma ɗauki adashina, jika ɗari uku. To yanzu ina zan kai shi?"

Tambayar ta zo mini a daidai gaɓa. Ranar 13 ga Mayun 1991 ne matan ƙasar nan suka yi tattaki a Yamai don a ƙara musu kujeru a kwamitin share fagen babban taron ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ta matan Nijar. Kowace shekara muna ɗinka anko, mu saurari jawabai, mu ci mu sha, amma da wuya ki ga littafin wata ƴar gari a kan teburin baƙi. Ba don ba a rubutawa ba. Kaye irin na ɗalibata suna nan jibge a akwatuna. Abin da ke tsayar da su shi ne mararrabar da ita ma ta tsaya a kai, don haka amsar da na ba ta nake faɗaɗawa nan, ko wata za ta amfana.

Abin da za ki auna kafin ki taɓa kuɗinki

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi a wurina: wa kike so ya san labarin? Ƴan matan lise masu salula daban, matan ƙauye da ba su shiga lakwal ba daban, malaman jami'a daban. A ƙasarmu mafi yawan manyan mata ba su karanta boko, kuma da yawa daga waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suka koyi karatu, Hausar baki kawai suka iya. Duk lissafin da ya manta da wannan, a banza yake.

Sai kuɗi, kuma ba abin da za ki fitar kaɗai ba, har da tsawon lokacin da uwar kuɗin za ta yi kafin ta dawo. Sai ɗorewa: bayan shekara ashirin, jikarki za ta iya samunsa? Sai sauƙi ga matar da ke zaune a Tawa, da aure da goyo ko aikin biro, wadda ba ta iya tashi ta kama hanya duk sanda ta so. Na ƙarshe haɗari, wanda ya haɗa asarar jari, satar fasaha, da bakin mutane.

Hanyar Kano

Duk wadda ta taso da karatun littattafan Hausa, zuciyarta can take fara tafiya, kuma ba laifinta ba ne. Daga wancan ɓangaren iyayen gidanmu suka fito. Hafsat Abdulwaheed ce ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin wallafa littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙaramar yarinya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, littafin da aka juya zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Bilkisu Funtuwa kuwa, babu gidan amaryar da littattafanta ba su kwana ba a shekarun 1990. Abin da ya kamata marubuciyar yau ta lura da shi a tarihin irin su Balaraba da Bilkisu shi ne ba su zauna jiran wani babban kamfani ba. Kuɗinsu suka zuba, suka kai maɗaba'a, suka miƙa wa ƴan kasuwa. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano.

Ta fuskar farashi, Kano na da wuyar kayarwa. Maɗaba'u sun yi yawa, masu zanen bango sun ƙware, masu buga Hausa a kwamfuta sun saba da ƙugiyoyin haruffa irin su ƙ da ɗ, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 mai riƙe da sefa kan ji kanta da ƙarfi. Sai dai arhar tana tafiya da sharaɗi: ba ta bayyana sai kin buga da yawa. Ki ɗora kuɗin mota daga Kano zuwa Sakkwato, Illela, Ƙonni har Tawa, ko ta Katsina da Maraɗi, ki ƙara da abin da duwan za su karɓa, sai ki ga rabin arhar ta zube a hanya.

Ɗorewa kuwa sai kin tsaya kai da fata. Bugun kasuwa na gargajiya takarda ce mara kauri mai saurin yin ja, a raba labari kashi ɗaya, biyu, uku, a danne da ƙusar waya. Ina da irinsu a gida, sun zama kamar ganyen kuka busasshe. Akwai bugu mai kyau a Kano, amma sai kin biya shi, kuma sai akwai mai zuwa ya duba miki da ido.

Nan ne gizo ke saƙar. In ba ki da ɗan'uwa ko ƙawa amintacciya a can, kada ki fara. Ƴan kasuwa bisa al'ada bashi suke karɓar littafi, sai an sayar a ba ki, kuma bin bashi daga wata ƙasa ta salula wahala ce. Kasuwar kanta ta ja baya tun da karatu ya koma cikin waya. Ki tuna iyaka ma ba kullum take buɗe ba: daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris 2024 a rufe take. Sannan jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, kuma a 2007 an taɓa ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Labarin da ya taɓo auren dole ko saki da kakkausan harshe, ki san inda kike kai shi.

Hanyar Yamai

Yamai ƙofa biyu ce, kuma mutane na yawan rikita su. Akwai maɗaba'a, wadda ke buga duk abin da kika kawo in kin biya, daga katin biki har littafi. Akwai kuma gidan wallafa, wanda ke karanta rubutun, ya gyara, ya ɗauki nauyi ko ku raba. Gidan Gashingo ya yi suna wajen littattafai cikin harsunan ƙasa, kamar yadda Albasa ta yi a farkon shekarun 2000. Irin waɗannan gidaje sun fi karkata ga littattafan yara da na makaranta, don can masu saye suke, saboda haka doguwar hikayar soyayya ba lalle ta samu shiga da wuri ba. Amma in sun karɓa, kin samu mai gyara, kin samu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, kin samu hanyar shiga ɗakunan karatu.

Maɗaba'a ta fi Kano tsada a kowane kwafi, saboda takarda da tawada daga waje suke zuwa, kuma ƙasarmu ba ta da teku. Ga yadda za ki gane ko ana cutar ki. Takardar A4 ɗaya, in an naɗe ta biyu, tana ba da shafi huɗu na ƙaramin littafi. Littafi mai shafi 160 ke nan yana cin takarda 40. Kwafi 500 zai ci takarda 20,000, wato rim 40, tunda kowane rim 500 ne. Ki tambayi kuɗin rim a kasuwa ranar, ki ninka, sai ki san nawa ne takarda, nawa ne aiki da bango. Da wannan lissafin a hannu ciniki ke yin daɗi.

Falalar Yamai ita ce kina iya buga kaɗan, ɗari ko ɗari biyu, kuma motocin kar na zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa kullum, a ɗoro miki kwalayenki ki karɓa a tasha. Kuɗi kuma ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Amana, babu canji babu dillali.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowa ta tsaya a kansu. Na farko ƙugiya. Shekarun baya na kai wani ɗan littafin waƙoƙin ɗalibai wata maɗaba'a, ban nemi ganin gwaji ba saboda sauri. Da kwalin ya iso, duk inda ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ suke sai wani ɗan akwati fanko, inda kuma yaron maɗaba'ar ya ga dama ya gyara da kansa, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Wata baiti da ke cewa yarinya ta ɓata ta tashi daga ma'ana ɗungum. Kwafi ɗari biyu, ban iya ba ko mutum ɗaya ba. Kada ki biya cikon kuɗi sai an buga miki kwafi guda kin karanta shi daga bango zuwa bango. Ki kuma yanke tun farko wace ƙa'ida za ki bi: mu nan muna rubuta ƴ, a Najeriya 'y suke sa wa. Kowanne daidai ne, gauraya su ne aibi. Na biyu ɗauri. Littafin da aka manne da gam kaɗai, zafin Afirilu na Adar, yankinmu na Tawa, zai sa ya buɗe baki, shafuka su riƙa zubowa. Ki ce a ɗinke, ko da za a ƙara miki kuɗi.

Babban haɗarin Yamai ba sata ba ne, kwantai ne. Shagunan littattafai kaɗan ne, masu sayen hikayar Hausa a takarda ba su da yawa, kuma ke ce ƴar talla. In ba ki shirya yawo da su wajen biki da suna da taron ƙungiyoyi ba, za su kwana ƙarƙashin gado har gara ta yi musu karatun farko. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina fatan hakan ya buɗe kasuwar makarantu, amma ban ba kowa shawarar ta zuba adashinta a kan fata ba.

Hanyar salula

Nan ne yawancin sababbin marubuta mata suke yanzu, kuma ba don ƙyuya ba. Ki buga babi a waya, ki saka a zauren WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin ki gama wanke-wanke an fara yi miki sharhi. Tsarin da ya kafu shi ne a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane a buɗe zaure na kuɗi. Akwai kuma manhajoji irin su ArewaBooks da ake sayar da littattafan Hausa a ciki.

Jari kusan babu: waya mai kyau, kuɗin data, da caji. Sauƙi kuwa ba a magana, daga tsakar ɗakinki. Har wadda maigidanta ko iyayenta ba su so a san tana rubutu tana iya fakewa da laƙabi. Kuma makaranta ce ta gaske, don masu karatu ba su da kara, in babi ya yi sanyi za su faɗa miki a ranar.

Amma wannan makarantar tana da nata illar, kuma ita ce ta fi damuna fiye da sata. Mai rubuta babi kullum don kada zaure ya watse takan wayi gari masu karatu ne ke tuƙa labarin. Su ce a kashe kishiya, a kashe. Su ce a ƙara kaza, a ƙara. Labarin da ya kamata ya tsaya a shafi ɗari biyu sai ya kai dubu, ya rasa ƙashin baya. Ɗalibata ta tsira daga wannan tunda ta riga ta gama nata a kaye.

Sata kuwa tabbas ce, ba wataƙila ba. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a zaure goma, wani ma ya goge sunanki. Ba ki iya hanawa, sai dai ki rage: ki riƙa sa sunanki a tsakiyar babi ba a kai kaɗai ba, kuma kafin ki saki komai ki yi wa aikin rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, don ki samu hujja ranar gardama. Matsala ta biyu tamu ce mu ƴan Nijar: mafi yawan masu biyan kuɗin karatu a Najeriya suke, da naira suke biya ta asusun bankinsu. Sai kin samu amintacce a Ƙonni ko Maraɗi mai karɓa ya juya miki zuwa sefa, kuma canji na cin rabonsa.

Ɗorewa ita ce raunin wannan hanya. Waya ta faɗa ruwa, an rufe lamba, shi ke nan. Dandalin ma kan mutu: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Duk abin da kika saka a intanet, ki ajiye kwafinsa wuri biyu, ɗaya a takarda.

Hanyar murya

Wannan ita mutane suka fi rainawa, ni kuwa ita na fi so wa marubuciyar Adar, kuma dalilina tsoho ne. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ɗiyar Shehu Usmanu ne, shi kuwa a Maratta aka haife shi, nan cikin jiharmu wajen Galmi. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ta san matan karkara ba za su buɗe takarda ba. Sai ta tsara waƙoƙi masu sauƙin hadda, ta naɗa jajis, wato mata masu jagorancin karatu, ta ɗora musu malfa, su zo su ɗauka da ka su koma su koyar da ƴan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a garuruwansu. Rubutu na hannunta, isarwa ta baki. Matsalar da ta warware ita ce dai tamu ta yau.

A aikace hanya uku ce: ki nemi fili a gidan rediyo mai zaman kansa ko rediyon karkara a riƙa karanta labarin kashi-kashi, ki naɗi muryarki ki riƙa turawa ta WhatsApp, ko ki buɗe tasha a YouTube. Rediyo wani lokaci sai kin sayi fili ko kin samo ɗan kasuwa mai talla ya ɗauki nauyi. Naɗa a waya kyauta ne, illa neman ɗaki mara hayaniya, wanda a gidan yawa sai bayan sha ɗayan dare, an kashe fanka, awaki sun yi barci. YouTube kada ki sa rai da kuɗinsa da wuri, don ƙa'idarsa ta raba kuɗin talla tana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara.

Ribar murya suna ne, ba kuɗi ba. Mai daka da mai kitso da mai tuyar ƙosai duk za su san ki. Haɗarinta kuma daga nan yake fitowa: murya ba ta ɓuya. In labarin ya yi kama da rikicin wani gida a unguwa, kafin Juma'a an kai ƙararki wajen surukarki. Akwai kuma masu karanta littattafan mutane a tashoshinsu ba izini, su ci riba. In wani ya nemi karanta naki, ku rubuta yarjejeniya, ko ta shafi ɗaya ce.

Faransanci da gasa, a taƙaice

Wasu za su ce a juya shi zuwa Faransanci. Hanya ce mai daraja: Mariama Bâ ta Senegal tsohuwar malamar makaranta ce lokacin da Une si longue lettre ya fito a Dakar a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980, har ya zama abin karantawa a makarantun ƙasashe da dama. Hélène Kaziendé, haifaffiyar Yamai, ta fitar da Aydia a gidan L'Harmattan na Faris a 2006. Sai dai littafin da aka buga a Faransa da kuɗin yuro ake sa masa farashi, ya dawo gida ya fi ƙarfin aljihun waɗanda aka rubuta don su. Kuma wannan wani littafi ne daban za ki sake rubutawa, ba wanda ke cikin ledarki ba. Gasa kuwa, irin Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata, ba ta cin ko dala, tana kuma fito da suna dare ɗaya, amma gajeren labari take karɓa, ba kaye huɗu ba.

| Hanya | Jarin farawa | Ɗorewa | Sauƙi daga Tawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kano | Mai yawa, arha a kwafi | Ya danganta da takarda | Da wuya in babu wakili | Bashi, iyaka, tacewa |
| Yamai | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau in an ɗinke | Da dama-dama | Kwantai, ɓacin ƙugiya |
| Salula | Kaɗan ƙwarai | Rauni | Mafi sauƙi | Sata, karɓar naira |
| Murya | Kaɗan, sai in rediyo | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Bakin mutane, ƙarancin riba |

Wace ta dace da wa

In abin da kike nema kuɗin cefane ne daga alƙalaminki, kuma kina da saurin rubutu, salula ce taki, da sharaɗin ki samu mai karɓar miki naira tun kafin ki buɗe zaure. In burinki saƙon ya shiga kunnen matan Bagga da Kalfu da Bambay, ki bi murya, ki manta da riba a shekarar farko. In ke malama ce ko ma'aikaciya mai son abin da za a ajiye a ɗakin karatun jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, a yi nazari a kansa, ki buga kaɗan mai kyau a Yamai, ki fara ƙwanƙwasa ƙofar gidan wallafa kafin maɗaba'a. Kano kuwa ki bar ta sai littafi na biyu ko na uku, lokacin da sunanki ya riga kayanki isa can, kuma kina da wanda zai zauna a shagon ɗan kasuwa har a ƙirgo masa kuɗinki.

Ɗalibata na ce mata kada ta fitar da jika ɗari ukun nan a dunƙule. Ta cire kaɗan ta ba wata yarinya mai kwamfuta a bakin kasuwa ta buga mata, ta yi rajista, ta fara sakin babi biyu a mako, rubutu da murya tare. Sauran kuɗin ta sayi tunkiya biyu ta ɗaure, da niyyar in masu tambayar "ina za a samu na takarda?" sun kai ɗari, ta sayar ta buga kwafi ɗari biyu a Yamai kafin Mayu mai zuwa. Jiya ta aiko mini da babi na tara in duba mata. Na samu ƙugiya goma sha ɗaya da suka faɗi, na mayar mata, na ce ta gaya wa mai kwamfutar kaye na huɗu ni zan fara karantawa kafin ya fita.